Ranin da Jirgin Baba Ya Hau Sama

Ranin bana ya zo da mugunta. Tun ba a shiga bazara ba rijiyar gidana ta ja ƙasa. Injin ban-ruwa yana ta kururuwa yana shan fetur, abin da ke fitowa a bakin tiyo bai fi fitsarin akuya ba. Na aika aka kira mini bakanike daga Wara. Ya zagaya injin sau biyu, ya ɗan buga shi da sifana, ya ce, "Malam Audu, ƙarfin wanga ya ƙare, sai ka sayi babba." Na ce masa ya hau babur ɗinsa tun rana ba ta yi ba. Abin da suka iya ke nan duka, sayi babba. Da ya tafi na zauna a gindin darbejiya ina kallon albasata tana sunkuyar da kai, sai raina ya koma ranin farko da muka yi a tudun nan, shekarar da aka toshe Kwara a Kainji.

Mu Gungawa ne, mutanen tsibiri. A kan gungu aka haife ni, a tsakiyar kogi, inda in ka fito ɗaki ka yi taku ashirin ƙafarka ta jiƙe. Ba mu san rijiya ba. Ban taɓa riƙe igiyar guga ba sai da na yi gemu. Sana'armu albasa da kifi, albasa ce gaba. Muna ba ta ruwa da jigo: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindinta, ƙwarya a rataye a bakinta. Ka ja igiya ƙwarya ta nutse a kogi, ka saki nauyin laka ya ɗago maka ita, ka juye a hanyar ruwa. Babana ya yi wannan aiki tun yana yaro, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu.

Albasar gidanmu ja ce, mai ƙaramin wuya, tana wata shida a rumfa ba ta ruɓe ba. Daga kakan Baba ta zo. Amma irin albasa ba kamar gero ba ne da za ka ajiye a rumbu shekara uku. In ya wuce shekara guda ya mutu. Kowane rani dole a zaɓi manyan kawuna a mayar da su ƙasa, su yi kara su yi fure, a karɓi sabon iri. Ka tsallake rani ɗaya, ka rabu da ita har abada.

Ni an sa ni boko a Yelwa, na kai aji huɗu Baba ya cire ni, ya ce jigo na son hannu. Har yau ban yafe wannan ba, gara in faɗa. Da na girma na gudu wurin aikin dam na yi lebura shekara biyu. Aikina ɗaukar bututu ga wani tsoho mai haɗa famfo, mutumin kudu, Hausarsa a karye. Shi ya nuna mini tankin ruwa da aka ɗora bisa dogayen ƙarafa, ya ce, "Ruwa yana komawa tsawon inda ya fito. Ka sa shi sama, shi gudu. Ka sa shi ƙasa, shi barci." Iyakar ilimin da na samo ke nan, sai tarin guntayen bututu da aka zubar lokacin da ake rushe barikin lebura, na ɗauko su a jirgin wani mai kifi. Kawuna Gado, ƙanen Innata, da ya gan ni da su ya laƙaba mini Injiniya. Ba don girmamawa ba.

Aka kwashe mu aka kawo nan, aka ba mu ɗakunan siminti masu rufi kamar bayan kunkuru. Da rana tanderu, da sanyi ƙanƙara. Aka ce za mu sha wutar lantarki har mu gaji. Ina rubuta wannan da rana ne, don har yau fitilar kwai gare ni.

Amma abin da na gani da idona a wannan damina ba zan ƙaryata shi ba, ko da ina jin haushinsa. Kogin da muka sani tun kakanni, mai gudu, mai murya, sai ya tsaya. Ya daina tafiya, ya fara kumbura. Kullum da safe mukan je baki mu kafa kara, kafin la'asar ruwa ya shanye shi. Ya shiga daji yana tafiya tsakanin itatuwa shiru, ba ƙara ba kumfa. Kuka da tsamiya suka tsaya a ruwa har wuya, macizai da ɓeraye da guza suka taru a reshe ɗaya ba mai taɓa wani. Muka shiga jirgi muka je duba gungunmu, ba mu gane wurin ba sai da kan giginyu uku da ke bayan gidanmu. Na leƙa ƙasa, ina ganin bakin katangar ɗakin Inna a cikin ruwa, kifi na shiga ta ƙofa. Baba ya daina tuƙi. Ya ajiye filafili a cinya yana kallon wurin. Daga baya har gaɓar can ta ɓace, ruwa ya haɗe da sama, in iska ta taso ya yi tudu-tudu kamar kunyoyin doya. Tsofaffin da suka shekara sittin a kan Kwara suka tsaya bakinsa kamar baƙi.

To, ga kuskuren da muka yi, mu duka garin, don mun san kogi fiye da kima. Kwara tana da cika biyu. Farin ruwa yakan zo da damina, ya janye bayan kaka. Baƙin ruwa yakan biyo da sanyi daga can nesa, ya ɗan taso kaɗan ya koma. Kowane Bagunge ya san iyakar kowanne kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa. Da kaka ta yi, Baba ya dubi taurari ya dubi ganyen gawo ya ce lokaci ya yi, ruwa zai ja baya. Muka yi fangula, wato gadajen dashe, a bakin tafki, ƙasa mai laushi baƙa ƙirin, muka kafa jigo. Kwando uku na kawunan iri muka fito da su daga gungu. Muka dasa biyu. Kowa a garin ya dasa nasa duka.

Ruwa bai ja baya ba. Wa zai ja shi, an rufe ƙofa? Albasa ta tsiro koriya shar, tsawon yatsa, sai baƙin ruwa ya iso ya hau kan wanda yake nan. Kwana huɗu ya ɗauka. Muka shiga har gwiwa muna tono da hannu, abin da muka ciro ya riga ya yi laushi yana wari. Na ga Kawu Gado, mutumin da ba ya rufe baki, zaune cikin laka da ruɓaɓɓiyar albasa a hannu biyu, shiru.

Kwando na uku Inna ce ta hana. Ta tura shi ƙarƙashin gado ta ce ita ba ta yarda da ruwan da ba ya magana ba. Baba ya yi mata faɗa a lokacin. Yanzu ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana gyaran murya.

"Kwandon nan fa," ya ce.

"Wane kwando? Wanda kac ce wautar mata ta ɓoye?"

"Shi."

Ta jawo shi. Muka ƙirga, kai ɗari da 'yan kai. Albasar gungunmu duka, ta gidanmu da ta kowa, ita ke nan a duniya.

Ba wanda zai sake kusantar tafki da ita. Ƙasar tudu kuwa tsakuwa ce da jan yashi, sai wuri guda, wani tsohon mashekarin Fulani a bayan gidanmu inda shanu suka shekara suna kwana. Nan muka dasa. Rijiyar da aka haƙa mana tana ƙasa da wurin, taku tamanin, kuma hawa ne. In ka tsaya bakin rijiya, fangulan suna daidai ƙirjinka.

Muka fara da tulu. Inna da matata Kulu suna ja, ni da Baba muna ɗauka. Gaba goma sha biyu ne zurfin rijiyar, igiya ta yanka tafin hannun mata har jini, don ba hannun guga ba ne. Ka hau da tulu ka juye, ƙasar ta yi tsuu ta shanye, kafin ka dawo da na biyu ta bushe. Iskar tudu ba irin ta gungu ba ce, ba laima a cikinta, tana tsotse ganye kamar wuta. Kwana goma muna haka. Bakin ganyen ya fara ja, ya fara murɗewa. Baba ya tona gindin guda ya duba saiwa, ya mayar, ya share hannu a riga.

"Ba ta kai wata," ya ce.

Ran nan da azahar, muna cin ragowar tuwo a zaure, Kawu Gado na nan, na yi maganar da na kwana uku ina taunawa. Na ce a ɗora ruwa sama, ya fi fangula tsawo, a haɗa bututu, zai gangaro ya hau da kansa. Mata su ja su zuba a gurbi nan bakin rijiya, Baba ya ɗaga da jigo zuwa sama, ba mai sake hawa da tulu.

Kawu ya ajiye loma. "Ruwa shi hau tudu da kainai? Injiniya, rana ta taɓa ka can wurin Turawa?"

"Na gani da idona, Kawu."

"Ka ga na Turawa. Ruwan Turawa ya yi boko. Wanga na rijiya ko aji ɗaya bai shiga ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Cikin mi za ka tara shi sama? Tulu?"

Ba mu da tanki, ba mu da ganga. Abu ɗaya muke da shi mai ɗaukar ruwa da yawa. Na ce, "Jirgi."

Sai da Inna ta leƙo daga tsakar gida. Jirgin Baba na maɗaci ne, sassaƙar itace guda, ya girme ni. Kuma shi ne cikinmu a wannan shekara, don geron da muka shuka a sabuwar gona bai yi abin kirki ba, kifi ne ke kawo dawa gidan. Na ƙara da cewa sai an huda cikinsa a sa bututu.

Kawu ya miƙe tsaye. "A huda jirgi! Da gangan! Kai ɗan ga, a gidan uban wa ka ji Bagunge ya huda jirgi? Ko maƙiyinka ba ka yi ma haka. Mai jigo, kana ji ɗanka na zagin kakanni kana shiru?"

Gaskiyarsa ce, a wurinmu ba abin da ya fi wannan muni. Wanda ya huda jirgin wani korarsa ake yi daga gungu. Wanda ya huda nasa kuwa ba a taɓa ji ba, balle a san hukuncinsa.

Inna ta ce, "In kun ɗora shi sama mi za mu ci?"

Baba ya cire hannu daga ƙwaryar tuwo. Can ya ce, "Kifi na nan baɗi. Albasa in ta tafi ta tafi." Ya dube ni, kallon da ba na so. "In ruwan bai hau ba fa?"

Na ce zai hau. Alhali kuwa ban taɓa haɗa ko famfo ɗaya da hannuna ba, ɗauka kawai nake yi.

Washegari muka jawo jirgi daga bakin tafki zuwa gari a kan guntayen itace, mutum goma sha biyu da igiyar rama. Ba wanda ya ƙi zuwa, don kowa na son ya ga ƙarshen haukan. Mata suka fito ƙofar gida suna tafa hannu. Wata tsohuwa ta ce, "Ina za ku da shi, Makka?" Kawu na gaba yana ba da waƙar ja, yana sa sunana a ciki.

Kwana uku na yi ina haɗa hanya. Bututun ƙarfe ya kai rabi, sauran na cika da sandunan gora, na fasa gaɓoɓinsu da ƙarfe mai zafi, na ɗaure mahaɗa da robar tsohuwar taya da tsumma da man kaɗe. Duk wannan lokaci ana ci gaba da tulu, don kada ta mutu kafin mu gama. Da aka zo huda, na sa ƙarfe a wuta ya yi ja, na ɗauko. Baba ya riƙe mini hannu.

"Ba kai ba."

Ya karɓa. Ya durƙusa cikin jirginsa, ya yi bisimilla, ya faɗi wasu kalmomi da Gunganci waɗanda ba na salla ba ne, ya danna. Hayaƙin maɗaci ya tashi, mai ɗaci, ya cika wurin. Maza suka kau da kai kamar ana yanka.

Muka ɗora jirgin a kan dirkoki daidai kafaɗa, aka cika shi. Na cire toshiya, na ruga fangula. Ruwa ya zo bakin gora, ya leƙo, ya yi ɗis, ɗis, kamar hawayen wanda ba ya son kuka. Ko tafin hannu bai cika ba.

"Ma sha Allah," in ji Kawu. "Kai ɗaya zai sha yau, gobe na biyu. Kafin baɗi duk sun samu."

Aka yi dariya, aka watse. Na tsaya ni da Baba. Jirgi ya hudu, albasa na mutuwa. Na jira ya zage ni, da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya tsuguna ya sa ido daidai bakin gorar, ya hango jirgin, ya daɗe yana aunawa kamar mai duban jinjirin wata.

"Ya zo dai," ya ce. "Ya hau taku tamanin ya zo. Ƙarfi ne babu. In an ƙara mishi sama?"

"Zai ƙara gudu."

"To mi kake tsaye?"

Muka sare giginya biyu, muka raba kututture shida, muka kafa su tsawon mutum biyu. Ɗora jirgi can sama ya ci yini guda, da igiyoyi da gwafanni da ihu, sau biyu yana zamewa ya kusa kashe mutum. Baba ya ɗaura sabon jigo da sanda mafi tsawo da na taɓa gani, ya yi wa kansa gadon kara a gefen jirgin inda zai tsaya. Tun daga bakin tafki ana hango abin: jirgi a sararin sama, baƙi, bakinsa na duban gabas, shaho na kewaya shi.

Da hantsi aka fara. Inna da Kulu na ja suna zubawa a gurbi, Baba a sama yana jan igiya, ƙwarya na sauka wofi tana hawa cike. Sai da rana ta take tsaka jirgin ya cika. Garin duka ya taru, har Kambarin ƙauyen gaba da suka ji labari. Na cire toshiya.

Ba abin da ya fito. Ko ɗigon ran nan babu.

Na sa kunne a gora, ina jin gurnani can ciki, ƙulu-ƙulu, kamar cikin mai yunwa. Zufa ta shiga mini ido. Abin ya wuce ba'a, ko a wurin Kawu. Na hango Baba tsaye can sama riƙe da igiya, yana kallona.

Sai na tuna tsohon nan nawa mai haɗa famfo. In famfo ya yi irin wannan kuka yakan bi bututu yana ƙwanƙwasawa har inda ya yi doro, ya ce iska ta zauna a hanya. Na bi layin da gudu. Wajen tsakiya, inda muka ɗaga gora ta haye wani dutse da muka kasa tonewa, nan ta yi doro. Na karɓi basilla a hannun wani mai ɗinkin taru, na soka a saman doron.

Iska ta yi tsaki, dogon tsaki kamar kububuwa. Sai wani siririn ruwa ya harbo ya buge ni a goshi. Gorar duka ta yi rawa a ƙarƙashin hannuna. Kafin in juya na ji ihun mata daga fangula.

Na taɓa ganin ƙofofin dam a buɗe, ruwa na faɗowa da rugugi har ƙasa na girgiza. Wallahi bai kama ni kamar wannan ba. Ruwa kaurin hannu yana fita daga bakin gora a kan tudu, yana tsalle gaba guda da rabi kafin ya faɗi, ba mai ɗauke da shi, ba mai tura shi. Ruwan da mata suka jawo daga ƙarƙashin ƙasa, ya hau sama ya shiga jirgi, ya sauko ya bi ƙasa, ya sake hawa tudu da ƙafarsa. Tsofaffi suka ja da baya. Wata ta durƙusa ta taɓa shi ta shafa a fuska. Limaminmu yana ta subhanallahi, wani tsohon Bakambare a gefensa yana faɗin nasa, ba mai jin wani.

Baba ya sauko a hankali, ya tako har wurin. Ya sa hannu, ruwan ya ture hannun. Ya sake sawa. Sai ya toshe rabin bakin da babban yatsa, ruwan ya tsuke ya yi sama, ya wuce kan mutane, ya watsu ya sauko a kan fangula kamar yayyafi, a tsakiyar rani, rana na ƙuna. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, irin na ruwan farko. Bakan gizo ƙarami ya tsaya a kan albasa. Baba ya yi dariya, bakinsa duka a buɗe. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, ban taɓa sanin yana da wushirya ba.

Kawu ya matso, rigarsa ta jiƙe. Ya ce, "To ai ko ni na san za a yi haka." Inna ta watsa masa ruwa da ƙwarya.

Daga ranar aiki ya zauna. Da sassafe mata su ja, Baba ya ɗaga, kafin hantsi jirgi ya cika, ni in bi fangula. Baba ya yanke ƙahon sa ya cusa a bakin gorar don ruwan ya ƙara nisa. Da la'asar a sake. Kowace mahaɗa tana da halinta, wata ta yi yoyo yau wata gobe, kullum ina tafe da tsumma da roba a aljihu. Tsuntsaye suka gane jirgin, suka riƙa sauka sha a bakinsa.

Yunwa kuwa mun sha ta. Tafkin ya cika da kifi a wannan shekara irin wanda ba a taɓa gani ba, kowane gida na banda, garin duka na ƙanshi, mu muna tuwon dawa sau ɗaya a yini da miyar kuka tsirara. Da dawa ta yi ƙasa muka koma rogo da tafasa. Kawu yakan aiko wa 'yar'uwarsa da kan giwan ruwa a ɓoye, ta sa a miya, Baba ya ɗanɗana ya gane ya ture ƙwaryar. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga ƙasa in yana kan gadon jigo. Kulu na da ciki wata biyar tana jan guga. Hannun Inna ya yi kanta kamar ƙafar raƙumi. Ban ce abin daɗi ne ba. Masu cewa da ya fi yanzu ba su ja igiyar nan ba.

Amma albasa ta tashi. Sabon ganye ya fito daga tsakiya, ta tsayar da kara har ƙugu, kowane kara da farin tuntu a kansa. Zuma ta zo daga inda ba mu sani ba, fangulan suna amo tun safe. Mutanen da suka rasa nasu sukan zo su tsaya bakin shinge, su kalla su tafi.

Da zafi ya kai ƙarshe muka yanke kawunan, muka shanya a tabarma, Inna ta murje ta sheƙe. Iri baƙi sil, kamar albarushi, ya cika ƙwarya babba har ya yi tozo. Baba ya zauna a zaure da ita a gabansa. Ba a yi shela ba, amma kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika, kowa da ɗan ƙoƙonsa a cikin riga.

Kawu Gado ne ya fara shigowa. Ya gaida Baba har sau biyu, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya yaba ruwan sha. Can dai ya fito da ƙoƙon.

"Mai jigo, ko ɗan kaɗan. Na gidan kakanmu ne mu duka."

Baba ya dubi ƙwaryar, ya sa ƙafa ya turo ta gabana, da ludayi a ciki.

"Ba ni ad da shi ba," ya ce. "Roƙi mai ruwa."

Tun da ya cire ni daga makaranta bai taɓa faɗin wata kalma a kaina ba sai ta aike. Na kasa ɗaga kai. Kawu ya juyo gare ni, ya buɗe baki zai ce Injiniya, na ga kalmar ta zo ta tsaya.

"Audu," ya ce. "Ɗan 'yar'uwata."

Na ɗebo masa ludayi guda. Kowa da ya shigo bayansa na ba shi da tozo. Na Kawu kam, sai da na sa yatsa na shafe bakin.